Audu Baƙo: Ɗan sandan da ya kawo wa talaka zaki har ƙofar gida

Duk shekara idan makarantu suka yi dogon hutu, ko watan Disamba ya kama, shafukan sada zumunta na masu hannu da shuni sukan cika da hotuna iri ɗaya. Ga wani Alhaji na Kantin Kwari da iyalinsa a Dubai, autansa yana miƙa wa raƙumin dawa ganye. Ga wani darakta na ma'aikatar gwamnati a Nairobi, cikin mota mai buɗaɗɗen sama, zaki na kwance a gefen hanya ko ɗaga kai bai yi ba. Wasu kuwa sai Landan ko Afirka ta Kudu. An sayi dala da tsada, an sha layin biza, an biya jirgi da masauki, duk domin yara su ga dabbar da ba a gani a gida. Babu laifi mutum ya ci guminsa yadda ya ga dama. Abin da ke ɗaure kai shi ne, akasarin dabbobin da ake ƙetare teku domin kallonsu na Afirka ne, wasu ma irinsu sun yi kiwo a dazuzzukan da ke bayan garuruwanmu.

A Gummi da Anka da Bukkuyum har yanzu akwai dattawan da za su ba ka labarin zamanin da kura ke shigowa gari da dare ta ɗauke akuya, da zamanin da maharba ke dawowa daga dajin da ke tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka niƙi-niƙi da gada da barewa. Jikokinsu ba su san waɗannan dabbobi ba sai a tatsuniya da kirarin sarakuna. Da yawa daga cikin waɗanda suka taɓa haɗa ido da zaki a yankin, ba a daji suka gan shi ba, ba kuma a ƙasar waje ba. A Kano suka gan shi, ko dai sun raka uba sarin kaya, ko makaranta ta kai su ziyara, ko sun je yawon Sallah wurin dangi. Wanda ya gina gidan da suka gan shi ɗin ya rasu tun 1980. Sunansa Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano.

An haife shi a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya yi fiye da shekara 30 yana ɗamara, daga baya ya zama Sarkin Sabon Garin Kaduna. Kaduna ta wancan lokaci sabon gari ce da Turawa suka kafa domin zama hedikwatar Arewa, babu ganuwa, babu tsofaffin gidajen sarauta, kowa baƙo ne. Yaron da ya tashi a bariki yakan buɗi ido ya ga Bahaushe da Babarbare da Batibi da Bazabarme suna cin abinci a inuwa ɗaya, ƙaho guda ke tashinsu da asuba. Ya yi karatu a makarantar gwamnati ta Kaduna, ya wuce Midil ta Zariya, sannan a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda.

A cikin aikin ya fi shahara da koyarwa. Ya zama malamin dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, daga nan ya riƙa hawa har ya kai Mataimakin Kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan muƙami ya fi ƙarfin sunansa. A wancan zamani kowace masarauta tana da 'yan dokanta da alƙalanta da gidan yarinta, kuma ta hannunsu ne talaka ke ɗanɗanar mulki, mai daɗi ko mai ɗaci. Wanda aka ɗora wa duba 'yan doka tun daga Sakkwato har Borno, dole ya san En'e ciki da bai: inda take da ƙarfi, inda take zalunci, da yadda ake magana da sarki ba tare da an ci masa fuska ba. Wannan sani ya yi masa rana daga baya.

Ranar 27 ga Mayun 1967 Yakubu Gowon ya rushe manyan jihohin nan huɗu ya ƙirƙiro 12. Aka ba Audu Baƙo Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, da masarautu huɗu: Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure. Gummi da maƙwabtanta kuwa suka faɗa Jihar Arewa maso Yamma a hannun wani ɗan sandan, Usman Faruk. Ba kujera mai laushi aka miƙa wa Audu Baƙo ba. Kashe-kashen 1966 sun sa dubban 'yan Gabas sun bar Kano, cikinsu har da kanikawa da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya. Makonni kaɗan bayan naɗinsa yaƙin basasa ya ɓarke. Ma'aikatu da fayiloli da manyan ma'aikata duk suna Kaduna, sai a Afrilun 1968 sababbin jihohin Arewa suka karɓi ragamar ayyukansu sosai. Ga shi kuma ba a cikin ganuwar Kano ya tashi ba, alhali Kano gari ne mai tambayar mutum ɗan wace unguwa ne kafin a saurare shi.

Dabararsa ta farko ita ce zaɓen mutane. Ya tara tsofaffin abokan hamayya a majalisa ɗaya: Maitama Sule, wanda ya yi minista a gwamnatin NPC, da Tanko Yakasai, wanda ya sha ɗauri saboda NEPU, da Aminu Ɗantata daga gidan kasuwanci, da Inuwa Dutse a harkar gona. Mutanen da shekara biyu kafin nan ba sa ga maciji da juna suka zauna teburi ɗaya suna tsara kasafin kuɗi. A fada kuma akwai Sarki Ado Bayero, matashi, wanda shi ma ya taɓa zama Wakilin Doka na Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Tsohon shugaban 'yan doka ne ke fada, tsohon mai duba 'yan doka ne ke gidan gwamnati, a daidai lokacin da aka raba En'e da 'yan dokanta da kotunanta da gidajen yarinta, aka kuma yanka jihar zuwa yankunan mulki da suka rage wa hakimai ƙarfi. Sauyi ne mai zafi ga sarauta, amma ya wuce a Kano ba tare da an tuɓe rawani ba, alhali shekara huɗu kacal kafin zuwansa gwamnatin Sardauna ta sa Sarki Sanusi ya yi murabus.

Abin da aka fi tuna shi da shi ruwa ne. Kano ƙasa ce mai yawan jama'a da gajeriyar damina, manomi ya yi wata huɗu yana aiki, ya yi takwas yana zaune ko ya tafi cirani. A 1969 aka fara madatsar ruwa ta Bagauda domin shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Da aka ga abin ya yi, aka shiga babbar, wato Tiga, a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kyubik mita biliyan 2. Daga cikinta aka ja manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ana cikin wannan aiki fari ya auka wa ƙasashen Sahel a 1972 da 1973, shanu suka yi ta faɗuwa, mutanen Nijar da na arewacin jihar suka kwararo birni, waɗanda ke ganin madatsun ɓarnar kuɗi ce suka yi shiru. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa Legas, da shinkafar Kura da ake sayarwa a kasuwannin Zamfara, duk daga wannan ruwa suke.

Sai dai ruwan da aka tare a sama, wani aka hana a ƙasa. Tun da aka toshe Tiga ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara ta ragu, masunta da makiyaya da manoman fadama na can suka ji a jikinsu, kuma har yau ana jayayya a kan rabon ruwan. Dubban mutane sun tashi daga ƙauyukansu domin tafkin ya samu wurin kwanciya. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan irin wannan. Sun ga Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda gwamnatin tarayya ta gina a kan Gulbin Sakkwato, inda rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a 1980.

Ya kuma matsa a kan karatun mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ga masu ja da shi. Ya gina sakatariyar jiha da yau ke ɗauke da sunansa.

To, a tsakiyar waɗannan manyan ayyuka ne gidan namun daji ya shigo, kuma shi ne aikin da ya fi kowanne bukatar a tsaya a kansa, domin shi ne wanda ba a saba jin irinsa daga bakin mai mulki ba. Madatsa kowa ya san amfaninta, makaranta ma haka. Amma a jihar da yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, asibitoci ba su wadata ba, ƙauyuka na shan ruwan kududdufi, mutum ya ware fili fiye da hekta 40 a kudu da ganuwa ya ce zaki da jimina za su zauna, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. An fara aikin a 1971, aka buɗe wa jama'a a 1972.

Ba shi kaɗai ya yi irin wannan tunani a zamaninsa ba. Jami'ar Ibadan tana da nata gidan dabbobi tun 1948, akwai wani kusa da gidan tarihi na Jos, an buɗe dajin Yankari ga masu ziyara a 1962, Joseph Gomwalk ya kafa gandun namun daji na Jos a 1972, Maiduguri ma ta samu nata a shekarun. Amma na Ibadan domin ɗalibai aka yi shi, Jos garin hutun Turawa ce, Yankari kuwa sai mai mota da kuɗin kwana. Na Kano a bakin birnin da ya fi kowanne cika a Arewa aka dasa shi, inda ɗan dako da almajiri da matar aure da yaranta za su iya zuwa a ƙasa ko a bas, su biya abin da bai taka kara ya karya ba, su wuni. Wannan shi ne bambancin.

Audu Baƙo ya ɗauki yawon buɗe ido a matsayin sana'ar da jiha za ta ci abinci da ita, tun kafin kalmar ta zama ruwan dare a bakin jami'an gwamnati. Kano na da filin jirgin sama da jiragen Turai ke sauka, tana da ganuwa da marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi da hawan Sallah. Abin da ta rasa shi ne inda baƙo zai kwana da abin da zai sa ya ƙara kwana biyu. Saboda haka aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka yi wani a kan dutse a Tiga, aka yi Daula a cikin gari, aka ɗaga dajin Kogin Kano da ake kira Falgore ya zama gandun namun daji. Gidan Zu guda ne a cikin wannan sarƙa: baƙo ya ga dabba a keji cikin gari, gobe ya bi hanyar Jos ya nemi 'yar'uwarta a Falgore, ya kwana a Tiga. A lissafinsa Bature da Balarabe ne za su kawo kuɗinsu Kano. A lokacin Naira ta fi dala daraja, kuma bai zama abin dariya ba a ce wani zai taso daga Turai ya yi hutu a nan.

Akwai kuma wani abu da ya shafi Bahaushe kansa. Bahaushe bai taɓa rasa sha'awar kallon naman daji ba. Gardawa masu wasa da kura, da masu yawo da biri da maciji kasuwa-kasuwa, sun daɗe suna cin abinci da wannan sha'awa. Harshen ma cike yake da dabbobin: ana gaida sarki da zaki, ana kiran babban mutum giwa, ana zagin maciyin amana da kura, mai wayo dila. Amma a shekarun 1970 dajin da ya haifi waɗannan kalmomi ya riga ya fara ƙarewa. Noman gyaɗa da auduga ya cinye saura, bindiga ta maye gurbin kwari da baka, jama'a ta ninka. Yaron birni yana jin sunan zaki kullum a bakin maroƙa, bai san ko ya kai jaki girma ba. Abin da gidan ya yi shi ne ya haɗa sunan da mai sunan. Gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da yaron ƙauye ranar da ya fara jin gurnanin zaki daga bayan ƙarfe, ya ga yadda yake ƙanƙame rigar babansa, ya san ba ƙaramin abu aka ba shi ba.

Nan da nan wurin ya shiga rayuwar gari. Kanawa suka raɗa masa Gidan Zu, titin da ya bi ta gabansa ya ɗauki sunan, har ya zama ɗaya daga cikin manyan titunan Kano, inda daga baya masu shirya finafinan Hausa suka cika da ofisoshi. Zuwa Gidan Zu ya zama wani rukuni na bikin Sallah, kamar ɗinki da kallon hawa. Makarantun firamare daga Katsina da Zariya da Gusau, har da na ƙetaren iyaka, suka riƙa cika motoci da yara.

Yana da kyau a dubi sa'o'in gidan a duniya, domin a nan ne labarin ke da ciwo. A 1968 Shaihu Zayid ya kafa gidan namun daji na Al Ain a ƙasar da yau ake kira Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, shekara huɗu kafin na Kano, a cikin hamadar da ta fi tamu ƙarancin ruwa. Gidan ya yi suna wajen kiwon maririn Larabawa, wanda ya taɓa ƙarewa ƙaf a daji. Na Singafo kuwa a 1973 aka buɗe shi, ƙanin na Kano ne da shekara guda, filinsa ma bai kai na Kano ba. Yau su biyun suna cikin wuraren da 'yan kasuwarmu ke biyan dala su kai iyalansu. Ba dabarar da aka yi a can wadda ba a fara a nan ba. Abin da ya raba su shi ne, gidan dabbobi ba gada ba ce da za a gina a juya baya. Zaki yana cin nama yau, gobe ma zai ci. Giwa na bukatar likita da ruwan wanka da abokiyar zama. Dabba takan tsufa ta mutu, in ba a haɗa ta da jinsinta ta haihu ba, keji ya zama kango. Aiki ne na kullum wanda babu bikin yanke ƙyalle a cikinsa, irin aikin da gwamnatocinmu suka fi saurin gajiya da shi.

Shi kansa Audu Baƙo bai samu ganin ƙuruciyar gidan ba sai shekara uku. Ranar 29 ga Yulin 1975, Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, sojoji suka kifar da shi, Murtala Muhammed ya hau. Aka sauke gwamnoni 12 gaba ɗaya, Kanar Sani Bello ya karɓi Kano. Sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin binciken kadarori, kuma a farkon 1976 aka bayyana sakamako: gwamnoni 10 an same su da laifin amfani da muƙami wajen tara dukiya, an kore su daga aiki, an ƙwace kadarori. Biyu kaɗai suka tsira, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma. Audu Baƙo yana cikin goman, haka ma Usman Faruk. Masu yabonsa sukan tsallake wannan shafi, amma tsallakewar ba ta goge shi ba. Hukuncin ya fito ne daga gwamnatin Murtala, ɗan Kano, wanda Kanawa ke ƙauna kamar rai, kuma kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 13 ga Fabrairun 1976, aka kashe shi a Legas. Kano ta riƙe su biyun a zuciya ba tare da ta ga tufka da warwara a ciki ba: sunan Murtala na kan babban asibitin birni, sunan Audu Baƙo na kan sakatariya.

A ganina dalilin ba boyayye ba ne. Talaka bai karanta rahoton kwamiti ba, amma yana ganin ruwa a magudanar Kadawa cikin watan Maris. Gwamnoni da yawa sun zo bayansa da kuɗin mai da ya ninka nasa sau ba adadi, an kuma zarge su da abin da ya fi nasa, ba su bar abin nunawa ba. Wannan bai wanke shi daga abin da aka same shi da shi ba. Ya dai bayyana abin da ya sa har yau, idan Kanawa za su auna sabon gwamna, da shi suke aunawa.

Bayan saukarsa ya koma gona, ya janye daga idon jama'a. Ya rasu a 1980 yana da shekara 50 da 'yan kai, watanni bayan mulki ya koma hannun farar hula.

Sarƙar da ya ƙulla ta yawon buɗe ido ta tsintsinke ɗaya bayan ɗaya. Otal ɗin Bagauda ya zama reshen Makarantar Koyon Aikin Lauya. Daula ta zama tarihi. Falgore ya yi shekaru yana zaman maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya, har sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. Irin wannan ƙaddara ce ta samu dajin Kuyambana a kudancin Zamfara, wanda aka keɓe domin namun daji, yau ko maharbi ba ya shigarsa, kuma ba don tsoron zaki ba. A duk faɗin Najeriya zakunan da suka rage a daji ba su wuce 'yan gomiya ba, a Yankari da gandun Kainji. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma kuwa, wanda dā yake yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, sai a Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 sun ragu zuwa kusan 50. Da gwamnati da mutanen ƙauyukan suka tsaya a kansu, suka haura 600. Suna kiwo a cikin gonakin gero na Zabarmawa, babu shinge babu keji, a ƙasar da ta fi mu talauci. Daga Gummi, Kure ta fi Dubai kusa nesa ba kusa ba, ko da yake rashin tsaron da ya addabi yankin ya rage masu zuwa.

Gidan Zu ne ya fi sauran tsawon rai, amma shi ma ya sha jiki. A 2019 ya shiga bakin duniya sau biyu ta hanyar da mai gidan ba zai so ba. A watan Yuni kusan Naira miliyan 7 na kuɗin shiga da aka tara a bikin Sallah suka yi ɓatan dabo, labari ya bazu har ƙasashen waje cewa gwaggon biri ne ya haɗiye su, sai da Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce babu irin wannan biri a gidan ma sam. A watan Oktoba kuma zaki ya kuɓuce wa masu kula da shi, unguwannin kewaye suka yi kwana biyu ido biyu, kafin a same shi a cikin gidan ya yi wa akuyoyin da ke wani keji ɓarna. An yi dariya sosai. Amma akwai abin lura a labarin farko: miliyoyin nan daga aljihun talakawa suka fito, Naira ɗari-ɗari, cikin 'yan kwanaki. Shekara 47 bayan buɗe gidan, mutanen da aka gina shi dominsu ba su daina zuwa ba.

Daga baya gwamnatin jihar ta bayyana niyyar kwashe dabbobin zuwa Tiga, bisa hujjar cewa gari ya kewaye gidan, hayaniya ta yi wa dabbobi yawa. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, domin filin da yake bayan gari a 1972 yanzu yana tsakiyar gidaje da manyan kantuna. Masu adawa suka ce idon masu gine-gine ne ke kan filin, kuma shi ne mafi girman inuwar itatuwa da ta rage wa birnin. Suka ƙara da cewa Tiga tafiyar fiye da awa guda ce a mota, wadda mai kai iyalinsa Dubai ba zai ji ta ba, amma mai tura baro da 'ya'ya shida zai ji. Gidan dai yana nan inda Audu Baƙo ya dasa shi, da sunansa a kan ƙofa, kuma ranar Sallah layin yara masu sababbin kaya yakan fito har bakin titi.